Malam Don-Me, da Maganar da Na Yi a Gaban Ɗalibanka

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Maris, da hantsi, ina zaune a ofis ina neman kuskuren da ya hana wata manhaja aiki, sai saƙon babbar 'yarka ya shigo. Layi biyu ne: "Baba ya rasu yau da safe a asibiti. A sa shi a addu'a." Na Allah muke, wurinsa kuma za mu koma. Da wayarka ta aiko, saboda haka saƙon ya faɗo a ƙarƙashin hirarmu ta ƙarshe, ni da kai. Na ga tambayoyinka, na ga irin amsoshin da na ba ka, sai na kife wayar a kan tebur. Kafin hawaye su zo, kunya ce ta riga su.

Malam, shekara talatin da huɗu ka yi kana koyar da lissafi a makarantar sakandare ɗaya, a ajin nan na ƙarshen baranda mai tagar da ba ta rufuwa. Kaɗan ne cikinmu suka riƙe sunanka na yanka. Malam Don-Me muke ce maka, domin babu amsar da ɗalibi zai bayar, ko daidai ce, ba ka ɗaga gira ka ce "Don me?" ba. Ka san da sunan. Wata rana wani sabon ɗalibi ya kira ka da shi a gabanka, yana zaton sunanka ke nan. Ka dube shi ta saman tabarau ka ce, "Na'am. Amma don me?" Muka yi dariya har malamin ajin kusa ya leƙo.

Kalma biyu ka haramta a ajinka: "haka yake". Duk wanda ya faɗe su sai ya tashi ya share allo. Ka ce mana wanda ya ce "haka yake" ya rufe ƙofa ne ya jefar da makulli.

Na shigo hannunka ina 'yar shekara goma sha uku, ina ta baya a lissafi, kuma na riga na gaya wa kaina cewa kaina ba na lissafi ba ne. Mako uku kawai ka yi kana duba littafina ka gano abin da babu wanda ya gano tun ina firamare. Ka ce hanyar aikina daidai take, lambobin ne nake kwafowa ba daidai ba: uku ya zama takwas, ɗaya ya zama bakwai. Ka tsayar da ni a bayan aji, ka rubuta lamba a allo, ka ce in karanta. Na kasa. Ranar, bayan an tashi, ka taka da ƙafa har shagon mahaifina, wanda tela ne, ka same shi da almakashi a hannu. Ka gaya masa 'yarsa ba daƙiƙiya ba ce, idonta ne ke neman tabarau. Baba ya ji nauyi, ya fara cewa shi bai yi boko ba balle ya gane. Sai ka ɗauki tef ɗin awonsa ka tambaye shi yadda yake fitar da wuyan riga, ya yi maka bayani, ka ce, "To ai kai ma ɗan lissafi ne, a gida ta gado." Har Baba ya bar duniya yana ba abokan cinikinsa wannan labari.

Kowace Alhamis kakan bar minti goma na ƙarshe don abin da ka kira tambayoyin banza. Kowa ya tambayi abin da ya ga dama. Me ya sa ba a raba lamba da sifili? Tsakanin mai lissafi da likita wa ya fi ƙwaƙwalwa? Idan mutum ya yi tsalle a cikin mota tana gudu, me ya sa ba ya faɗa wa na bayansa? Wai gaskiya ne kimiyya ta maza ce? A kan wannan ta ƙarshe ba ka yi wa'azi ba. Ka ce a ɗauko takardun jarrabawar da ta wuce a duba. Idan ba ka san amsa ba, sai ka ce ba ka sani ba, ka rubuta tambayar a bayan rajista, mako mai zuwa ka dawo da abin da ka samo. Ni ce na fi kowa yawan musu, har ka laƙaba mini 'Yar Gardama. Wata rana ka fitar da mu tsakar makaranta da sanda ɗaya da igiyar awo, muka auna tsawon tankin ruwa daga inuwarsa ba tare da kowa ya hau ba. Na ƙi yarda, na ce sai an hau an auna. Ka roƙi mai gadi ya kawo tsani. Bambancin bai kai taki ɗaya ba.

Lokacin da aka kawo kwamfuta ta farko makarantar, aka ajiye ta a ofishin shugaba aka lulluɓe ta da ƙyalle kamar mara lafiya, kai ne ka yi ta zirga-zirga har aka yarda mu huɗu mu riƙa taɓa ta. Ka tsaya a bayanmu, hannuwanka a baya. Na ce ka nuna mana. Ka ce, "Ni ban iya ba. Ku koya, wata rana ku koya mini."

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara shida da suka wuce makarantar ta gayyace ni in yi wa ɗaliban ajin ƙarshe magana, a matsayin tsohuwar ɗaliba da ta zama mai rubuta manhajar kwamfuta. Kai ne ka ba da sunana. Na zo da sabuwar mota da tabarau mai tsada. Zauren ya cika, kana zaune a layin baya kusa da ƙofa, akwai alli a hannun rigarka. Da aka zo wajen tambayoyi, wata yarinya ta miƙe ta ce, "Anti, wai dole ne sai mutum ya iya lissafi kafin ya koyi rubuta manhaja?" Tambaya ce irin ta Alhamis, irin wadda da kai aka yi wa, da ka juya ta ka dube ta ta kowane gefe. Ni kuwa so nake zauren ya so ni. Na ce, "Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Duk lissafin da aka dura mini a makarantar nan, ban taɓa amfani da ko ɗaya ba tun da na fara aiki."

Zauren ya ɗauki sowa. Yara suna dukan tebur, wasu suna waiwayowa suna kallonka. Ni ma na dube ka. Kana murmushi, kana tafi a hankali.

Ƙarya na yi, Malam. A makon ma kansa ina aikin wata manhaja da ke auna nisa tsakanin wuri da wuri don masu kai kaya a babur, kuma da dokar alwatika da ka koya mana a gindin tankin ruwa nake yin ta. Na san ƙarya ce tun kalmomin suna bakina. Da aka tashi ka zo ka gaishe ni, ka ce, "'Yar Gardama, kin iya magana." Ka raka ni har mota. Daga zauren zuwa bakin ƙofar makaranta tafiyar minti uku ce, kuma a cikin minti ukun nan na shirya ban haƙuri sau biyu na haɗiye. Na ce a raina ai wasa ne, ai ya gane.

Bayan ka yi ritaya, ɗanka ya ba ka tsohuwar kwamfutarsa, ka fara koyon rubuta manhaja kana da shekara sittin da uku. Sai saƙonninka suka fara zuwa. Kullum da sallama, da tambayar maigidana da yara, sannan tambaya ɗaya. Wane yaren kwamfuta ya dace tsoho ya fara da shi? Me ya sa na'urar ke fara ƙirga daga sifili ba daga ɗaya ba? Shin gara mutum ya karanta littafi tukuna, ko ya fara rubutawa yana kuskure? Wasu na amsa da kalma uku. Wasu na tura maka adireshin wani shafi ba tare da na buɗe shi ba. Wasu na gani ina cikin taro, na ce anjima, anjimar ba ta zo ba. Ba lokaci na rasa ba. Duk sanda sunanka ya fito a waya, zauren nan nake tunawa, sai in gaggauta kawar da kai.

A watan Janairu ka rubuto cewa ka sa kwamfuta ta haɗa 0.1 da 0.2, maimakon ta ba ka 0.3 cif, sai ta jero sifili masu yawa ta ƙare da huɗu. Ka ce, "Ko dai na'urar ce ta lalace, ko ni ne na tsufa?" Na san amsar, bayanin minti biyar ne. Abin da na rubuta maka shi ne: "Haka yake, Malam, kada ka damu."

Ba ka ce in tashi in share allo ba. Mako biyu ban ji daga gare ka ba, sai ga dogon saƙo. Ka ce ka gano: na'urar da sifili da ɗaya kawai take ƙirga, kuma a irin ƙirgarta kashi ɗaya bisa goma ba ya ƙarewa, kamar yadda sulusi ba ya ƙarewa a tamu, uku bayan uku har abada, dole a yanke a wani wuri. Ka ce kwana uku ka yi kana yi da fensir kafin ka yarda. Murna tana fita daga kowane layi. A ƙarshe ka ce, "Na yi daidai?" Na aika maka hoton babban yatsa. Ashe a kan gadon asibiti ka rubuta shi. Ban sani ba, domin ban tambaya ba.

Na je gida gaisuwa ranar Alhamis. Mama, maiɗakinka, tana zaune a falo, kwamfutar tana rufe a kan teburinka, tabaranka a kanta. Na durƙusa na yi mata ta'aziyya, ta amsa kamar yadda ta amsa wa kowa. Da mutane suka ragu, na matsa kusa na ce akwai abin da na yi wa Malam da ban nemi gafararsa ba.

Ta ce, "Na sani, 'yata. Maganar zaure."

Sai ta gaya mini abin da ba ka taɓa gaya mini ba. A ajinka na lissafi mai zurfi, wanda ɗalibi ke zaɓa da kansa, yara goma sha tara ne a shekarar. Kafin wata ya cika bakwai sun fita. Wani ya rubuta maganata a allonka da manyan baƙaƙe, ka shigo ka karanta, ka share da kanka ka fara darasi. Ka bi yaran ɗaya bayan ɗaya, wasu har gidajensu, ka dawo da huɗu. Uku ba su dawo ba, cikinsu har da yarinyar da ta yi tambayar, wadda ka ce ba ka taɓa samun mai kai irin nata ba tun bayana. Mama ta ce ta so ta kira ni a lokacin, ka hana. Ka ce mata idan ɗalibarka ta yi shekaru tana aiki da abu ba ta san tana aiki da shi ba, to akwai gyara a koyarwarka, ka zauna ka sake rubuta darussanka na shekara guda. Har wannan uzurin ka yi mini, Malam, alhali ban cancance shi ba, domin na sani sarai.

Na ce, "Mama, ki yafe mini."

Ta dube ni. Sannan ta ce, "Shi bai riƙe ki ba ko na yini ɗaya. Ni ce na riƙe ki shekara shida. Na yafe, tashi ki zauna a kujera. Amma yaran nan uku, ba ni ce zan yafe a madadinsu ba."

Shugaban makarantar ya ba ni sunayensu. Na samu biyu, na yi magana da su. Ɗaya ya yi dariya ya ce ya manta, ɗaya ta saurare ni har ƙarshe. Ta ukun, mai tambayar, har yanzu ina nemanta. Idan wannan rubutu ya isa gare ki, ƙanwata, amsar da na ba ki ƙarya ce, kuma mutumin da ke zaune a layin baya ranar shi ne ya kamata ki tambaya.

Allah ya jiƙanka, Malam. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya yalwata kabarinka, ya haskaka shi. Allah ya sa kowane ɗalibi da ya ci abinci da ilimin da ka ba shi ya zama nauyi a ma'aunin alherinka, waɗanda suka gode da waɗanda ba su gode ba. Ina miƙa ta'aziyyata ga Mama, da babbar 'yarka da ƙannenta, da jikokinka, da abokan aikinka, da ɗalibanka a duk inda suke. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya raya abin da ya bari. Ni kuma, duk wanda ya yi wa Malam addu'a, ina roƙo ya sa ni a ƙarshenta, ya roƙa mini gafara. Amin.