Ranar da Zuciyar Mahaifina Ta Tafi Kudu

Shekarun baya, lokacin da wayar tarho sai a gidan wane da wane a Minna, mahaifina ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar gidanmu na Ketaren Gwari yana shirin alwala. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, mai taurin kan da ko ƙusa aka buga masa, ƙusar ce za ta lanƙwashe. Muka kwashe shi sai wani ƙaramin asibiti.

Likitar da ta duba shi yarinya ce, ba ta girmi ƙanwata ba. Ta ce zuciyarsa tana tsallake bugu, kuma sai ƙwararren likitan zuciya ya gani, can wani babban asibiti a Kudu, tafiyar yini guda.

"'Yata," in ji shi, "na yi tafiyar da ta ishe ni har da jikokina. In mutuwa tana nemana, ta san gidan."

Sai ta ce akwai wani bincike da suke yi da likitocin can. Suna gwada ko za a iya tura zanen bugun zuciya ta kwamfuta, ya bi layin tarho, ƙwararren ya gani ba tare da an wahalar da majinyaci ba. "Kai ka yi zamanka, Baba. Zuciyar ce za ta je."

Aka shigar da mu ɗakin kwamfutar. Sanyin ɗakin nan, wallahi da na yi tari da ƙanƙara ce za ta faɗo. Aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka danna wani abu, na'urar ta ɗauki ƙara kamar an rufe kyanwa cikin garwa. Ni kuwa na jingina da bango na lumshe ido. Sai ga ni ina ganin zuciyar tsohon ta fita ta taga, tana bin wayoyin gefen titin jirgi, ta wuce Zungeru, ta tsaya shan iska a Mokwa, ta haye gadar Jebba a hankali tana leƙen ruwa, tsuntsayen kan waya suna ɗaga ƙafa suna ba ta hanya.

Washegari amsa ta zo a takarda, gajeriya, da Turanci: sunan magani, yadda za a sha, da gargaɗin cewa in bai sha ba zai iya sake faɗuwa, ba kuma lallai ya tashi ba.

Tambayar farko da mahaifina ya yi ita ce, "Ya gaishe ni?"

Na gyara murya. "Ƙwarai kuwa, Baba. Ya ce yana gaishe ka da kyau, ya iyali, ya jikoki, ya tumakin nan naka..."

"Kai, rufa mini baki. Ba kai ne ka ga kifi mai girman kwalekwale a madatsar ruwan Tagwai ba? Miƙo takardar."

Na manta reluwe ta koya masa Turanci. Ya karanta, ya juya bayanta, ya ajiye. "Mutum ya leƙa har cikin ƙirjina bai yi sallama ba? Ba na shan maganinsa."

Mun ɗauka wasa ne. Magani ya zauna a kan taga, mahaifiyata tana kallonsa tana share ido da bakin zane. Tsoho kuma in zai je masallaci sai ya dafa bango, ya tsaya, wai yana duba aikin magina ne.

Da na koma na gaya wa likitar, har gida ta biyo ni. Ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce, "To Baba, kai ka fara gaishe shi mana."

"Ni ne babba."

"Haka ne. Amma zuciyarka ce ta je gidansa. Wa ke yin sallama, baƙo ko mai gida?"

Sai ya ce da mahaifiyata ta ɗauko masa babbar rigarsa ta Sallah.

Da rigar nan da turare ya zauna gaban kwamfuta, yana faɗa, likita tana bugawa. Ya yi sallama, ya tambayi iyali da gajiyar aiki, ya tambaya ko mahaifan mutumin suna raye, ya nemi afuwar shiga gida ba izini. Gaisuwar ta yi tsawon da na tabbata sai da wayoyin suka yi ƙasa don nauyi.

Aka tura, sai damina ta ce ga ta nan. Layi ya mutu. Kullum na je asibiti, likita ta girgiza kai. In na fito sai in tsaya ina kallon ɗigon ruwa jere a kan waya, ina raya wa raina amsar ce ta fake a wata tasha, tana jiran ruwa ya ɗauke. Addu'ata kawai ita ce amsar ta riga faɗuwa ta biyu isowa.

Ta iso. Da Hausa, irin ta ɗan koyo, a karkace amma da zuciya ɗaya. Ƙwararren ya amsa sallama, ya ce mahaifinsa ya rasu, shi ya sa yake roƙon Baba ya sha maganin. Mahaifina ya karanta da kansa, ya daɗe yana shafa takardar, sannan ya ce, "Maraya ne ashe. Ku ba ni ruwa."

Ya ƙara shekaru masu albarka, har ya riƙe 'ya'yana. Bai taɓa haɗuwa da ƙwararren ba, amma ko yaushe ya ɗaga hannu don addu'a sai ya sa "ɗana na cikin waya". Yanzu in na ga 'yata tana ganin likita ta wayar hannu, nakan yi tunanin duk saurin na'ura, mutum yana so ya san akwai mutum a ɗaya gefen.

Da tsohon ya rasu, binciken ya daɗe da ƙarewa, likitar ta bar gari, ba mu san ta inda za mu sanar da ƙwararren ba. Da farko abin ya dame ni. Yanzu kuwa daɗi yake mini, don a can Kudu akwai mutum ɗaya da har yau bai ji ba. A wurinsa mahaifina yana nan Minna da ransa, ya karya kumallo, yana shan magani.