Tudun da Na Yi a Lungunmu

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron ɓata wa wani rai, tunda yaran da zan yi magana a kansu yanzu dattawa ne masu jikoki. Ɗiyata ce ta ce in rubuta kawai, in dai ban kama suna ba.

Lokacin ana aikin dam ɗin Zobe, ina ɗinki a zauren gidanmu a Dutsin-Ma. A shekarun ne aka ba malaman gona wasu babura masu dogayen ƙafafu, waɗanda aka yi don yashi da kwazazzabo. Da safe suna ƙauyuka wurin aiki. Da la'asar kuwa sai su faɗa hannun ƙannen masu su, a kwance salansar da ke rage ƙara, a shigo gari. Lungunmu miƙaƙƙe ne, shi ya sa suka ƙwallafa rai a kansa.

Damuwata Inna ce, mahaifiyata. Ta tsufa, kunnenta ya yi nauyi, amma kullum bayan la'asar sai ta tsallaka gidan ƙawarta su yi hira. Na roƙe ta ta riƙa bari ina raka ta, ta ce tun ban zo duniya ba take tsallaka wannan lungu. Da na jiyo ƙarar babur sai ƙafata ta tsaya cak a kan keken ɗinki. Wuyan riga nawa na karkata a wannan shekara, Allah kaɗai ya sani.

Mai unguwa ya yi magana da iyayensu, aka ɗan samu sauƙi, abu ya dawo. Sai na ɗauki shebur na tara ƙasa daga bango zuwa bango, na yi tudu don dole su rage gudu. Ina gamawa hankalina ya tashi. In ɗan wani bai gani ba ya faɗi ya karye, hakkin a wuyan wa? Na rage mashi tsawo. Na daddaɓe gefensa ya yi gangare mai sauƙi. Na ɗebo toka na barbaɗa don a hango shi daga nesa. Duk da haka na fito da kujera ina ɗaga masu hannu.

Ashe wurin tsalle na gina masu. Na farko ya hau a hankali, ya juyo ya ƙare mashi kallo, ya koma bakin lungu ya taho a guje, sai ga babur a sama. Ba a daɗe ba har daga Kurfi ake zuwa. Suna wucewa suna sa mani albarka, wai Allah ya saka wa Baba tela da alheri. Wani ma ya tsaya da ladabi ya tambaya ko zan ƙara ƙasa.

Babbansu wani yaro ne daga Rawayau da ke zaune wurin yayansa malamin gona. Ran nan Inna ta fito daidai lokacin da ya taso. Na miƙe na nufe ta. Ya taka birki, babur ya ja gefe, ya zube a gabanta gwiwa duk jini. Ita ko ba ta ji komai ba, mutum kawai ta gani a ƙasa. Ta leƙa fuskarsa ta tambayi ɗan gidan wa ne. Ya faɗa mata da ƙarfi. Ashe ta san kakarsa, tare suke cin kasuwar Kurfi suna 'yan mata.

"Ashe mijina ne," in ji ta. "Haka ake zuwa zance, a faɗi tun ba a gaisa ba?"

Ya ce, "Amarya, kwarjininki ne ya kayar da ni."

Ni ina ta neman ruwan ɗumi da tsumma, su suna dariya.

Washegari na baje tudun, yaran suka zo suka yi mani jaje kamar an yi rashi. Ƙara ba ta daina ba, ba zan yi ƙarya ba, maƙwabta sun ci gaba da tsine wa babura. Amma duk la'asar yaron nan yakan riga sauran zuwa, ya gitta baburinsa a bakin lungu, ba mai wucewa sai matarsa ta tsallaka. In ta yi jinkiri ya leƙo zaure ya ce, Baba, a gaya wa amarya ango na jira. Ita kuma da gangan take nawa, ta fito tana ce mashi raggon miji, ko turmin atamfa bai taɓa kawo mata ba. Ranar da ba ya gari sai ya wakilta wani.

Da aka canza wa yayansa wurin aiki suka tafi tare. Inna ta yi ta cigiyarsa har ta rasu, a kan shimfiɗarta, lafiyar ƙafafunta lau. Wasu sun ce mani yana noman rani, wasu sun ce ya zama direban babbar mota. Dogo ne, yana da wushirya, yana ɗan in'ina in ya yi sauri. Don Allah duk wanda ya san inda yake, ko inda iyalinsa suke, ya sanar da ni. Ban tabbata ma ya samu labarin rasuwarta ba.