Ke Kin Yafe, Yaya, Ni Ban Yafe Ba

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, sha huɗu ga watan Mayu, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah ya karɓi ran yayata, ungozoma, marubuciya, uwar 'ya'ya uku, a asibitin da ta yi shekara ashirin da ɗaya tana karɓar haihuwa. Mijinta yana riƙe da hannunta, ni ina riƙe da ƙafarta. Likita ya rubuta cewa zuciya ce ta gaza. Ban musa masa ba. Amma na san waɗanda suka ɗora wa zuciyar nan kayan da ya fi ƙarfinta, kuma yau zan faɗa.

Yaya, bari in fara da ke kafin in zo kansu.

Ke kika kama hannuna kika kai ni koyon buga rubutu lokacin da na faɗi jarrabawa na kulle kaina a ɗaki. Ba ki lallashe ni ba. Cewa kika yi, "Tashi, Auta. Yatsunki goma suna nan, ba su suka faɗi ba." Ɗan shagon da nake ci a cikinsa yau, daga wannan maganar ya fito.

A asibiti kuwa, ba a ƙirga alherinki. Na taɓa kai miki saƙo na tarar da ke ba mayafi, kina yawo da hular aiki. Ashe wata ce ta haihu ba ta zo da ko tsumma ba, kika yage mayafinki biyu, rabi kika naɗe jariri, rabi kika rufe uwar. Da na yi miki ƙorafi cewa sabo ne, kika ce to ai jaririn ma sabo ne. Idan wani saurayi ya yi miki rashin kunya a hanya, ba kya fushi, sai ki ce, "Ƙyale shi, ni na fara ganinsa tsirara, kuma ko a ranar ihu yake yi."

Rubutu kuma a kan bencin bayan ɗakin haihuwa kike yin sa, lokacin hutun rana, cikin tsofaffin littattafan makarantar yaranki. Rubutun hannunki ya fi na likitoci muni, ni kaɗai nake iya karanta shi, don haka ni nake buga miki. Labarin zamanin dā ne, zamanin ayari. 'Yar wani fatake ce mahaifinta ya rasu, madugu ya ce ba zai tafi da mace marar miji ko manemi ba, alhali kayan ubanta suna can wata ƙasa. Sai ta yi yarjejeniya da wani magatakarda mai jin kunya, su ce wa jama'a an yi musu baiko har a je a dawo, kowa ya kama gabansa. Wata huɗu suna tafe suna yi wa mutane ƙarya, ashe kansu suke yi wa.

Duk ranar Asabar muke sa babi ɗaya a zauren masu karatu na waya. Abin da ya biyo baya ko ke ba ki zata ba. Wata ta rubuto cewa ta ƙona tukunya saboda babi na tara, kuma ke za ki biya. Ma'aikatan jinyarku suka rabu gida biyu, masu cewa magatakarda rago ne da masu cewa kunyarsa ita ce adonsa. Wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, ya tako da sandarsa har shagona ya ce, "'Yata, ni shekaruna sun ja, ban da tabbacin kaiwa ƙarshe. Faɗa mini a kunne, za su yi auren?" Da na ba ki labari kika yi dariya har da hawaye, kika ce in gaya masa ya daure ya rayu.

Yanzu ga abin da masu karatu ba su sani ba, wanda, ban da ke da marigayiya Inna, mutum huɗu kawai suka sani. Tun kina budurwa, maƙwabciyarmu, wadda ta riƙe mu kamar 'ya'yanta, ta kwanta ciwon ajali. Ɗanta ɗaya tilo, makaniki, bai da ko budurwa, ita kuma kullum kukanta za ta tafi ta bar shi ba kowa. Ke kika je da kanki, da izinin Inna, kika durƙusa gaban gadonta kika ce kun daidaita da shi. Kwana goma sha tara kina kai mata ruwan zafi tana kiran ki surukata. Ta cika tana murmushi. Bayan haka makaniki ya yi miki godiya, kowa ya kama hanyarsa, shi ya yi aurensa, ke kika yi naki. Kafin a ɗaura miki aure kika gaya wa mijinki komai. Abin da ya ce shi ne, "Wadda ta yi wa uwar wani haka, me za ta yi wa tawa?"

Bayan ni da makaniki da mijinki, ta huɗun da ta sani ita ce aminiyarki, Mai Turare. Kun tashi tare, ke kika karɓi haihuwarta sau huɗu, ɗaya ma da ƙyar kika ceto ranta. Ita ma ta taɓa sa nata labarin a zauren, mutum bakwai suka karanta. Ana cewa hassada ga mai rabo taki ce. Ni dai na ga takin da ya ƙone shuka.

Ita ta ɗauki sirrin ta kai wa Mai Sharhi, mutumin nan da ke zama gaban waya duk mako yana yanka littattafan mutane, wanda bai taɓa rubuta ko shafi ɗaya nasa ba. Bai kira ki ya tambaya ba. Ya fito ya ce yana da majiya mai tushe cewa littafin ba labarin zamanin dā ba ne, wasiƙar soyayya ce matar aure take rubuta wa tsohon saurayinta makaniki a gaban idon mijinta. Maganar tsohuwa mai jinya kuwa, ko sau ɗaya bai ambata ba.

Cikin kwana biyu mutanen da ke kiran ki uwarmu suka juya. Wadda ta ƙona tukunya ta rubuta cewa dama jikinta ya ba ta. Wani ya ɗauki hotonki da kayan aiki ya rubuta a ƙasa, "A hannun wannan kuke barin matanku?" Aka kai maganar makarantar 'yarki ta fari, yarinyar ta dawo gida ba ta iya cin abinci. Matar makaniki, baiwar Allah da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta kwashe yaranta ta tafi gidan iyayenta. Mata masu ciki suka fara cewa a ba su wata ungozomar, har shugaban asibiti ya ce ki ɗan huta a gida sai ƙura ta lafa. Ke da ba ki taɓa fashin aiki ba ko ranar da kike zazzaɓi.

Na roƙe ki mu fito mu faɗi gaskiya. Kika ƙi. Kika ce idan kika faɗa, kin tona cewa tsohuwar nan ta mutu a kan ƙarya, kuma ba za ki wanke kanki da mutuncin mamaci ba. Saura babi uku a gama, kika ajiye biro. Wata biyar kina zaune a falo kina kallon bango, ƙafafunki suna kumbura, kina ƙin kallon waya amma kina jin duk ƙararta.

Ana jibi za ki rasu kika ce in matso. Kika ce, "Auta, na yafe wa kowa. Ke ma ki yafe."

Na ce, "Yaya, sha ruwa."

Kika ce, "Ba amsar ke nan ba."

Na gyara miki matashi, kika gane. Ban taɓa yi miki ƙarya ba, shi ya sa ban amsa ba. Naki haƙƙin kin yafe, wannan tsakaninki da Ubangijinki ne. Amma akwai haƙƙin yara uku da aka mayar marayu, da na mijinki, da nawa. Waɗannan ba ki da ikon yafe su.

Sun zo gaisuwa, Yaya. Mai Turare ta shigo da kuka tun daga ƙofa, har tana neman faɗuwa. Ta miƙo mini hannu. Na ce, "Wanne ne a cikin hannuwan naki kika buga wa Mai Sharhi waya da shi?" Ta nemi takalminta ta rasa ƙafa ɗaya, haka ta fita. Mai Sharhi kuwa ya yi doguwar magana a waya cewa adabi ya yi babban rashi, har muryarsa tana rawa. Ɗaruruwan da suka jefe ki suka bi sahu suna rubuta Allah ya jiƙan uwarmu, suna goge abin da suka faɗa a baya.

Sun makara. Aikina ke nan, adana rubutu. Tun ranar farko nake ɗaukar hoton kowane saƙo, da sunan mai shi, da ranar da ya rubuta. Makaniki ya zo da kansa ya ce in faɗi labarin mahaifiyarsa, shi ne mai haƙƙi kuma ya ba da izini, shi ya sa na faɗa a nan. Mijinki ya buɗe akwatinki ya miƙo mini littafin makaranta na ƙarshe. Ashe kin rubuta babi ukun tun kafin fitinar. Na buga su ina kuka. Littafin zai fito cikakke, kuma a bayansa zan jera maganganun nan ɗaya bayan ɗaya, ba ƙari ba ragi, kowa da sunansa a ƙarƙashin abin da bakinsa ya furta, a gefe kuma ta'aziyyar da ya rubuta daga baya. Ba zan zagi kowa ba. 'Ya'yansu za su iya karatu wata rana, wannan ya ishe ni.

Dattijon jirgin ƙasa bai taɓa juya miki baya ba. Jiya na je gidansa na karanta masa ƙarshen kafin kowa. Ya share ido ya ce in ba shi kwafi biyu.

Ya Allah, ka jiƙan yayata, ka yalwata mata kabarinta, ka sa duk jaririn da ya fara numfashi a hannunta ya zama shaida a gare ta ranar hisabi. Ka haɗa ta da Inna da tsohuwar da ta kira ta suruka a Aljanna Firdausi. Ina miƙa ta'aziyya ga mijinta da bai taɓa ɗaga mata murya ba ko a ranakun da gari ya ɗaga, ga 'ya'yanta uku, ga makaniki da matarsa da ta dawo ɗakinta, ga abokan aikinta da suka ɗauki gawarta suna kuka, da masu karatu 'yan kaɗan da suka tsaya. Allah ya ba mu haƙurin rashinta.

Sauran kuwa ban yi musu ta'aziyya ba, domin ba su yi rashi ba. Na bar su da Allah, kuma Allah ba ya mantuwa.