Ƙasar Kerang a Cikin Bokiti

Nahum ɗan Kerang ne, inda tsohon dutse mai aman wuta ya bar musu baƙar ƙasa marar nauyi, mai riƙe danshi har cikin rani. Karatu ya kawo shi unguwar Setapak a ƙasar waje, korona ta kulle shi a bene, hawa na tara.

Sai ya sayo ƙasar kanti, ya dinga cuɗa ta da ƙonannen ƙaiƙayin shinkafa har ta yi laushi kamar ta gonar babansa. Ya shuka dankalin Turawa a bokiti. Zafin garin ya hana dankalin yin 'ya'ya, sai ganye.

Maƙwabcinsa Kalilu ya leƙo. "Wata uku, Malam, ko ƙwaya ɗaya babu?"

Nahum ya shinshina tafin hannunsa. "Ai kullum da safe sai na je gida na dawo."