Ranar da "a" ta koma "q"

Shekarun baya, in kwamfuta ta yi gardama a Magariya, sai an naɗe ta a zane an kai ta Damagaram ko Kano. Yanzu maƙwabta gidana suke kawo tasu, kuma ga mafarin abin.

Tawa a Kano na saye ta. Ta tsufa, in ka kunna ta sai ka gama shan shayi ba ta farka ba. Abokina ya ara mini kile, ɗan abin nan da ake cusawa a gefe, ɗauke da sabuwar babbar manhaja mai tafiyar da na'ura duka. Abu ɗaya nake tsoron rasawa: muryar mahaifiyata Inna, Allah ya jiƙanta, da na naɗa tana lissafa kakanninmu na Dungas. Na kwashe ta a kilen, na ɗora manhajar, na kulle komai da kalmar sirri, "magariya", na mayar da muryar. Abokina ya karɓi kilensa, ya goge abin da ke ciki, ya wuce garin Waca.

Na'ura ta koma kamar sabuwa. Don daɗi na juya harshenta zuwa Faransanci, na kashe, na kunna. Ta ce kalmata ba daidai ba ce. Na sake, ta ƙi.

Uwargida ta leƙo da kwanon fura. "Alhaji, kai da ka yi Abijan ka yi Jidda, sunan garinku ne ya gagare ka?"

"Hajiya, Inna na ciki."

Dariyarta ta tsaya. Ta aje kwanon ta zauna. "To ni ɗige-ɗige kawai nake gani. Ka tabbata abin da kake bugawa shi ke shiga?"

Na koma gurbin suna, inda haruffa ke bayyana, na danna "a". Sai ga "q". Nan na tuna tafiretan ofishinmu na Abijan: Faransawa a sama suke aje "a", inda Ingilishi suka sa "q", "m" kuma tana gefen "l". Maɓallaina 'yan Kano ne, na'ura kuwa ta zama 'yar lakwal, wato makarantar Faransanci. Na ɗauke ido daga abin da ke zane a kansu, na bar yatsuna suka bi tsohuwar hanyarsu. Ta buɗe.

Na kunna muryar. Inna ta yi gyaran murya, ta ce, "Ya fara ɗauka?" Hajiya ta rangaɗa guɗa har awaki suka watse.

Na ji harsuna da dama a yawona, amma ban taɓa zaton yatsu ma suna riƙe nasu ba. Tun ranar ban sake kai na'ura ko'ina ba, muryar Inna kuma tana cikin wayar kowane ɗa nawa.