Abarci Wanzami da Kawunan Bayan Tasha

Kowace safiya, kafin motocin Maradi su gama lodi, Abarci wanzami yakan rataya zabirarsa ya zagaya bayan tasha, inda babu mai zuwa sai wanda fitsari ya matsa wa. Can abokan cinikinsa suke kwana a kan kwali. A da ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba. Yanzu sun cika bayan shaguna har sun gangara kasuwar dabbobi. Wasu daga haƙar zinariya suka dawo da kai a juye, wasu a nan gida tramol ya cinye su, ƙwayar da ake talla a faranti ɗaya da maganin mura, a gaban idon kowa. Mu kuwa mun haɗa su mun sa musu suna ɗaya, mahaukata, don mai irin wannan suna ba sai an gaishe shi ba.

Abarci ba ya wa'azi, ba ya ba da magani. Aski kawai yake yi. Yakan tsuguna ɗan nesa, ya buɗe sabuwar reza a gaban mutum, ya jira. Mai shayin bakin tasha ya ce ya ga wanda ya taɓa jifan jandarma da dutse ya sunkuyar masa da wuya kamar yaro. Ƙarƙashin cukurkuɗaɗɗen gashi yakan tarar da ƙwarƙwata da gyambo. Mai gyambo kuwa, Abarci yakan ja shi asibiti da ƙafa. Akwai wanda ya raka har wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Maradi, yau yana noman gero a Kornaka.

Ladan da gari ya ba shi shi ne manyan mutane suka janye kawunansu daga hannunsa, wai ba za su haɗa wanzami da masu ƙwarƙwata ba. Ana samun su a sahun gaba ranar Juma'a.

Cikin masu kwana a kan kwalin akwai Mamani, ɗan Elhaji Abdulmumini dillalin shanu. Kabu-kabu yake yi da babur, ya fara shan ƙwaya don kada ya gaji, har ta kai ya daina gane hanyar gida. Uban ya kore shi, ya ce wa mutane yaron ya tafi Aljeriya neman kuɗi. Garinmu Dakoro duka ya taya shi wannan ƙarya. Mukan wuce Mamani yana zance da bango, mu isa zauren Elhaji mu tambayi lafiyar mutanen Aljeriya, ya ce suna gaishe mu. Haka muke rufa wa juna asiri.

Abarci shi ne wanzamin gidan tun daga ubansa. Shi ya yi wa Mamani askin suna, kuma a wajensu kan da wanzami ya fara askewa ba ya barinsa. Mamani ba ya yarda kowa ya matso shi da reza sai shi. Bana yanar ido ta rufe wa Abarci gani, hannunsa ya fara rawa, ya san lokacin ajiye aska ya yi. Idan ya ajiye, babu sauran mai taɓa yaron nan a duniya.

Sai ya tafi zauren Elhaji, ya same shi cikin dillalai. Bayan gaisuwa ya ce, "Elhaji, ranar sunan yaron ga gwaggonsa ta riƙe mini kai na aske shi. Yanzu hannuna rawa yake, shi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Mai riƙe mini kai nake nema. Ban ce ka kai shi gida ba."

Elhaji ya ce ai ɗansa yana Aljeriya.

"To Aljeriya ta matso," in ji Abarci. "Tana bayan tasha. Da ƙafa ma ana zuwa."

Babu wanda ya yi dariya, domin duk mai zama a zauren ya taɓa aika gaisuwa can.

Washegari Elhaji ya zo, ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a kan kwali. Mamani ya dube shi ya tambayi Baba Wanzam wane ne wannan. Abarci ya ce masa mai riƙon kai ne, ya umarce shi ya sunkuya. An gama aski, an wanke, an rufe zabira, Elhaji bai saki kan ba.

Yau Mamani yana asibiti a Maradi, babu wanda ya yi alkawarin zai warke. In an tambayi Elhaji yanzu, gaskiya yake faɗi. Tun da ya fara faɗin gaskiya masu tambaya suka ragu.

Abarci na zabira, kai ne ka taɓa waɗanda muke tsallakewa. Kai ne ka rasa kawunan manya ba ka yi ƙorafi ba. Mun gode, ko da yake godiyarmu ta zo a makare, kuma ba ta ci mana komai ba. Allah Ya saka maka, Ya buɗe idonka.

Abarci ya ajiye aska, zabirarsa tana rataye a ƙusa, gashi kuma yana ci gaba da tsiro a bayan tasha. Wanzanci gado ne, wannan uzuri muna da shi. Riƙon kai kuwa ba a gadonsa, hannu biyu kawai yake so, kuma da ƙafa ake zuwa.