Wayar da Ta Ce Baba Ya Sha Magani

A gidanmu ba mai kiran yayata da sunan yanka. Daga-nan-fa muke ce mata, don tun tana ƙarama ba a gama mata labari. Ka ce mata ɓarawo ya faɗa rijiya ya mutu, sai ta gyara zama ta ce, "Daga nan fa?" Inna ta sha cewa wannan yarinya in ba alƙali ba to 'yar sanda. Sai ga shi Allah ya ba ta aikin da ake biyan ta don ta dami mutane da tambaya.

A wata ƙungiya take aiki mai kula da masu hawan jini. Suna da manhajar waya da ke tuna wa mutum lokacin shan magani, ita kuma aikinta ta bi masu amfani da ita ta gano abin da ke musu daɗi da abin da ke ba su haushi. Takan ce duk wanda ka tambaya "Yaya manhajar?" zai ce maka "Ba laifi," ko da bai taɓa buɗe ta ba. Shi ya sa sai dai ta zauna kusa da mutum, a shagonsa ko a bencin asibiti, ta ce ya yi yadda ya saba, ita kuma ta harɗe hannu ta zuba ido.

Bara wani abu ya ɗaure musu kai. Matan da ke amfani da manhajar jininsu na sauka, na maza kuwa, musamman dattawa, ko gezau. A ofis aka yanke hukunci cewa taurin kai ne irin na maza, har ana maganar a daina wahala da su. Yaya ta ce, "Taurin kan maza na san shi, ai ina da miji. Amma a ce duk sun haɗa baki?"

Ni ban damu da ofishinsu ba, Babanmu ne damuwata. Tsohon direba ne, mantuwa ta fara kama shi, kuma Yaya ce da hannunta ta sa masa manhajar. Jininsa sai hawa yake, har ran nan jiri ya kayar da shi a bakin ƙofa. Likita ya ce in aka ci gaba a haka, shanyewar ɓarin jiki na tafe. Na yi faɗa har muryata ta dushe, shi kuma yana rantsuwa yana shan maganinsa, alhali ga ƙwayoyi nan cike da kwalba. Wallahi na tsorata. Na kira Yaya na zazzage mata: "Kina can kina yawon tambayar mutanen gari, ga naki a gida zai tafi!"

 Washegari da safe ta zo, ta ja kujera kusa da shi, ta harɗe hannu kamar ba ubanta ba. Can wayar ta yi ƙara. Baba ya laluɓo tabarau, ya karanta a fili yana jan kalmar farko: "Kaa sha maganinka." Ya ce alhamdu lillahi, ya kife wayar.

"Daga nan fa, Baba?" in ji Yaya.

"Daga nan me? Ta ce na sha. Ni ina mantuwa, ita kuwa ba ta yi."

Kai jama'a! Su umarni suka rubuta, ka sha, shi kuwa labari ya karanta, wai ya riga ya sha. A baki kowa na jin bambancin, a rubuce kuwa abu ɗaya ne. Mata ba su faɗa wannan rami ba, don tsakanin "ki sha" da "kin sha" ba a ruɗewa. Yaya ta dafe kai tana dariya, hawaye na zuba. Ni ma kunya ta rufe ni, na tuna irin faɗan da na yi wa bawan Allahn nan.

Ba ta ruga ofis da labarin mutum ɗaya ba. Sai da ta koma wajen dattawan da ta taɓa zama da su, wani mai gyaran agogo, wani tela, wani mai gadi, ta sa kowa ya karanta saƙon da bakinsa. Da yawansu irin karatun Baba suka yi. Aka sauya rubutun, kuma tun daga nan ba saƙon da ke fita sai mutanen da aka yi dominsu sun karanta shi a fili tana saurare.

Yanzu ƙwayoyin Baba na raguwa, jiri ya bar shi, har ya koma zuwa hira wajen tsofaffin abokan aikinsa. Rannan muna zaune wayar ta yi ƙara, ya karanta: "Daure ka sha maganinka yanzu." Ya yi tsaki, wai har waya ta koyi lallashi. Ya haɗiye ƙwayar, ya kora da ruwa, ya ajiye kofin. Sai ya dubi Yaya ta saman tabarau.

"To, na sha," ya ce. "Daga nan fa?"

Karo na farko ke nan da na ga an mayar wa yayata tambayarta. Sai ta kamo hannunsa ta riƙe.